Jikina Bai Samu Labari Ba

Kwana biyu da binne ɗana ruwan nono ya zo. Yini ɗaya ya yi a duniya, ko nonon bai kama ba. Ina zaune a kan tabarma a gidanmu na unguwar Nassarawo a Mubi, mata suna ta shigowa ta'aziyya, sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Na ja mayafi na rufe, na ci gaba da cewa na gode.

Shekara shida ina koyar da ilimin halittu a sakandare, saboda haka na san abin da ke faruwa. Da mabiyiya ta faɗo, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo cikin jini cewa baƙo ya sauka, a ɗora masa abinci. Babu wanda ya aika saƙo na biyu. Na sha zana wannan a allo, ina yi wa ɗalibai faɗa in sun juya kibiyar da ke nuna hanyar saƙon.

Goggona, ƙanwar babana, ta zo daga Sorau. Ta ɗaure mini ƙirji da zane, ta ja har numfashina ya sarƙe.

"Kar ka matsa," ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "In ka matsa, jiki zai ce yaro yana nan. Bar shi, zai gaji."

Darasin da nake cin mako guda a kansa ke nan.

Ban yi kuka ba. Aka yi ta yaba mini tawakkali, alhali ni ban ji komai ba ne, abinci ma kamar ina tauna auduga. Amma kullum da hantsi, in na shiga wanka, sai in kwance zanen in matsa kaɗan. Duk Mubi an yarda yaron ya tafi, har da ni. Jikina kaɗai ya rage yana jiransa, ba na kuwa so ya daina.

Goggo ta ga nono ya ƙi ƙafewa. Ta dube ni, ta daina ɗaurin.

Bayan arba'in na koma aiki. Lokacin jarrabawa ne, wankan ma a gurguje nake yi in fita neman keken haya. Ranar wata Asabar na tuna. Na matsa, na sake matsawa, ko ɗigo babu.

Na zauna kusa da bokiti har ruwan ya huce. Babu wanda ya kai wa jikina labari. Ni ce na manta da yaron, kwana biyar a jere.