Kwana Goma Sha Biyu Ina Tsokanar Kakana

Ranar wata Laraba, lokacin cirar gyaɗa, shekarar da na shiga aji huɗu, aka dawo da kakana Kwaja daga asibiti a bayan akori-kura. Likita ya ce a kai shi gida, ba sauran abin da za a yi. Tsakar gidanmu, inda kullum ake tsinkar gyaɗa ana shewa, ta yi tsit. Matan zumunta na coci su shiga ɗakinsa sumumu, su yi addu'a ƙasa-ƙasa, su fito suna share hawaye. Shi kuwa tsohon da ko akuya ba ta giftawa bai zolaye ta ba, sai ya juya fuska bango, ya ƙi kunu, ya ƙi magana, har kwana uku.

Mu yara an hana mu ko leƙawa. Amma ni ce "matarsa", yadda kaka ke kiran jikarsa a wasa, kuma taurin kaina ba a magana. Na dawo daga mayo, wato rafi, na sauke tulu, na suri kwanon kunun gyaɗa na faɗa ɗakin. Ya rame har ya ba ni tsoro. Na cije na ce, "Kai tsoho, in tafiyar ce ka hanzarta, samari na jirana a ƙofa. Ni na gaji da miji marar haƙori!"

Mamana ta damƙo kunnena za ta fitar da ni, sai muka ji wani abu kamar tari. Ashe dariya yake! Ya ce, "Saratu, sakar min matata. Ita kaɗai ta san ban mutu ba tukuna." Ranar ya sha ludayi huɗu.

Daga nan na ɗaura aniya. Kullum a hanyar makaranta ina kitsa sabuwar tsokana, in zo in sauke masa, ya rama da 'yar muryarsa, sannan in zaga bayan rumbu in sha kukana. Allah ya sani, zuciyata ciwo take, amma ban fasa ko sau ɗaya ba. A rana ta goma sha biyu ya cika da azahar, yana cikin yi min gorin ban iya tuƙa tuwo ba.

Yau Mama ce kwance a gidana a Sabon Layi. Jikokinta sai su tsaya bakin ƙofa da waya a hannu, su ce "sannu" cikin ladabi, su zame. Ina kewar rashin kunyar nan tamu ta da. Jiya na tura ɗana ciki, na ce kada ya fito sai ta zage shi.

Muddin tana numfashi, ba mai yi mata zaman makoki.