Ƙotar Hauyar Baba

A damanar da rumbunmu ya ƙare tun gero bai kai gwiwa ba, Baba ya ce gobe zai sauka Waca ya tsaya bakin tasha, inda masu manyan gonaki ke zuwa ɗaukar 'yan ƙwadago. Bai taɓa yi ba. Ga furfura, ga ciwon baya. In ba a ɗauke shi ba, jibi babu tuwo, kuma duk mun sani.

Bayan magariba muka kewaye murhun kakarmu Iya, ni da ƙannena. Na kasa zama.

"Iya, in suka ƙi shi fa?"

"Ke Hajo, bakinki ya fi ki girma! Matso. Ga ta nan tafe, ku kama ta da kunne."

Wai wani mai gona ne ya je ɗaukar manoma. Samari suka yi ta bugun ƙirji, kowa na cewa shi kaɗai zai gama gonar kafin azahar. Bai ko kalle su ba. Ya ce kowa ya miƙo hauyarsa, ya bi yana shafa ƙota ɗaya bayan ɗaya. Duk kaushi, sababbi fil. Sai ta wani tsoho can baya, gumi ya cinye ta, ta yi sumul har da gurbin yatsu. Ya ce, "Baba, kai na zo nema."

Na ruga na shafo ƙotar Baba a zaure. Wallahi sumul! Na kwanta hankalina kwance.

Da hantsi sai ga Baba ya dawo, hauya a kafaɗa, ba ƙasa ko kaɗan a bakinta. Samari aka kwasa. Ba wanda ya duba ƙotar kowa. Iya ba ta sake yi mana wannan tatsuniya ba, kuma sai da na girma na gane a wurin nan ta ƙirƙira ta, don mu iya barci.

Yau ina da gonar gyaɗa a Kwaya, ni ke ɗaukar mutane. Mutum huɗu nake buƙata, goma ke zuwa. Nakan ce su miƙo hauya, samari na dariya, wai Hajiya ta cika tsirfa. Su yi ta yi. Nakan fara da na can baya, mai furfura.

Shidan da suka rage ne ba na iya kallo. Ban san abin da aka gaya wa 'ya'yansu jiya ba.