Wata Tsohuwa a Tudun Wada

A shekarata ta ƙarshe a jami'a ina da wani kwalin takalmi da nake ji da shi fiye da takalmin da ya zo a ciki. Katuna ne fal a cikinsa, kowane kati littafi guda: sunan marubuci, waƙafi, shekara cikin baka biyu, sunan littafin an ja masa layi a ƙasa, garin da aka buga shi, sannan aya. Malamin da ke duba kundin bincikena, wani dogon mutum marar son hayaniya, shi ya koya mana wannan tsari. Duk jimlar da ka rubuta ba ka faɗi inda ka samo ta ba, za ka tarar da jan biro a gefenta yana tambaya wa ya gaya maka. Na tsani jan biron nan, amma ina son katunan. Nakan zauna a laburaren jami'a da ke Kongo, a Zariya, bayan azahar ina jera su bisa haruffa, fanka tana juyi a sama kamar ba ta so, har barci ya fara fizgata.

Lokacin kuɗin mai ne. Unguwarmu Tudun Wada ta cika da sababbin babura da rediyo mai kaset, duk layin da ka bi ana sauke siminti, mata kuma sun koma yadin kanti. Da aka ce kowa ya zaɓi wata sana'a da ke neman ɓacewa ya yi rubutu a kanta, ban sha wahalar tunani ba. Na zaɓi kaɗin zare, domin da ƙarar mazari na tashi. Abin da littattafan laburare suka faɗa a kan kaɗi bai wuce shafi biyu ba, shi ma rabinsa kame-kame ne. Sauran duk yana hannun mahaifiyata, wadda muke kira Inna.

Matsalar ita ce ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana son in ci abinci sai ta ce wa bango ga tuwo can zai huce. In na yi rashin lafiya ita ke dafa magani, wani ke miƙo mini. Ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba, amma kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu, ni ma na saba. To yaya za a yi hira da wadda ba ta kallonka?

Goggo ce ta warware mana. Ƙanwar mahaifina ce, bazawara mai baki, ɗakinta na kallon na Inna. Ta ce in ajiye rediyon da na aro don ɗaukar murya, don Inna ba za ta yi wa akwati magana ba. In zauna a bakin ƙofa da littafina in ba su baya, ita za ta riƙa tambaya kamar ita ke son sani.

Haka muka yi damina guda. Nakan taho a keke bayan la'asar, ƙasa tana ƙamshin ruwa, in jingina keken a zaure in zauna a dokin ƙofa. Goggo ta ce ashe ita ta manta yadda ake gane audugar da za ta yi zare mai laushi. Inna ta yi tsaki, ta ce kin manta ko dai ba ki taɓa sani ba, sannan ta fara. Yadda ake gurza auduga a raba ta da iri, yadda ake shiɓa ta har ta tashi, abin da ya bambanta abawa da siririn zare, dalilin da ya sa ake shafa alli a yatsa. Tana magana mazarin na juyi, muryarta na hawa da sauka tare da shi. Ɓurɓushin auduga na yawo a hasken da ke shigowa ta taga, wani ya sauka a kan takardata in ƙi hure shi. Wani lokaci nakan daina rubutu, in rufe ido, in ji kamar ina da shekara biyar ina kwance a tabarma, duniya duka ba ta wuce faɗin ɗakin nan ba. Ban taɓa jin muryar mahaifiyata da tsawo haka ba. Na san Goggo take wa magana, amma na san kuma wa take sassauta wa magana in ta ji biro ya tsaya.

Da na kai wa malam babin, ya karanta shi a tsaye, abin da ba ya yi. Ya ce wannan shi ne kundin, sauran duk rakiya ne. Sai ya sa yatsa a ƙasan shafi, inda na rubuta cewa daga Inna na ji.

"Kowa a Zariya yana da Inna," in ji shi. "Wace ce wannan?"

Ya bayyana mini cewa wanda aka yi hira da shi hakkinsa ɗaya da marubucin littafi. A sa cikakken sunansa, da shekarunsa, da inda aka yi hirar, da ranar, a jera shi cikin manazarta tare da kowa. Ya ƙara da cewa in mutum bai yarda a ambace shi ba, ana iya sakaya shi, a ce wani dattijo ko wata tsohuwa. Wannan ya faɗa ne yana tattara takardu, kamar abin da ba zai shafe ni ba.

Na san sunan mahaifiyata, amma ban taɓa furta shi ba, ban taɓa rubuta shi ba. Ko wata mai irin sunan na haɗu da ita, laƙabi nake nema mata. Ranar na koma laburare, na ciro sabon kati, na daɗe ina kallonsa. Da na rubuta sunan sai na ji kamar na leƙa ɗakin da aka hana ni shiga. Na kuma ga ashe suna ne mai kyau. Na sa katin a gurbinsa, tsakanin wani Bature da wani Balarabe, na rufe kwalin, na zauna ina murmushi ni kaɗai.

Goggo na aika ta nemo izini. Na ɗauka Inna za ta ƙi. Abin da Goggo ta dawo da shi ya ba ni mamaki. Ta ce Inna ta tambaya ko za a kira sunan a rediyo. Da aka ce a'a, littafi ne za a ajiye a jami'a, sai ta ce to a sa. Ta ce shekarunta ba ta san adadinsu ba, amma an haife ta ana maganar farar da ta cinye gonaki, ɗan boko ya yi lissafinsa. Ta kuma ce kada a rubuta sunan mahaifinta haka tsirara, a sa masa Malam, don ya karantar. Goggo ta ce tun da take da ita ba ta taɓa ganin ta damu da wani abu na takarda ba sai wannan.

A Kongo akwai wani mai tafireta da ke buga wa ɗalibai kundi a wani ɗan shago. Gwani ne, ya san inda waƙafi ke zama fiye da mu. Amma yana da wata al'ada: kafin ya buga kowane kati na manazarta sai ya karanta shi da ƙarfi, mai kundin ya ce haka ne, don kada a zo daga baya a ce shi ya ɓata suna. Ranar da aka zo kan nawa, bencin shagon cike yake da abokan karatuna, kowa na jiran layinsa, ana ta shaƙiyanci. Biyu daga cikinsu tare muka yi firamare, lokacin da in yaro ya san sunan uwarka ya gama da kai, don a filin ƙwallo zai kira shi kowa ya kwashe da dariya. Mun girma, wasu ma sun yi aure. Na san babu wanda zai yi haka yanzu. Duk da haka, da mai tafireta ya fara ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunaye, sai na tsinci kaina ina ƙirga waɗanda suka rage. Saura uku a kai gare ta. Saura biyu.

Na miƙa hannu na zare katin, na ce akwai gyara. Na ɗauki wani na rubuta a kan gwiwata: Wata tsohuwa, hira a Tudun Wada, Zariya, sai ranakun. Mai tafireta ya duba, ya ce to wannan ƙarshe za ta koma, ya jefa katin can ƙasa. Ya ce in ba shi shafukan baya ya gyara ƙasansu su dace. Ko ɗaga kai babu wanda ya yi a bencin. Inna a lokacin ba ta kai hamsin ba, ko furfura ba ta fara ba.

Malam ya ga layin, ya tambaya ko ba ta yarda ba ne. Na ce e. Ya ce kash, ya wuce. Kundin ya samu yabo. Bayan shekaru na ga wasu masu bincike sun ɗauko bayanin abawa da na alli, sun sa sunana cikin baka biyu da shekara, tsaf yadda aka koya mana. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Abin da na ba su suka ambata.

Amma ranar da na fi tunawa ita ce wadda na kawo kundin gida, an yi masa baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Goggo ta karɓa ta rangaɗa guɗa, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce nauyinsa ya kai na ƙwaryar gero, ta kai wa Inna ɗaki. Ina tsaye a tsakar gida na ji Inna ta ce, a hankali, ki tambaye shi ina aka sa ni.

Na so in ce an manta, ko in ce malam ne ya cire. Maimakon haka na shiga, na durƙusa, na buɗe shafin ƙarshe, na nuna layin ƙarshe. Inna tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma ba ta san harafin boko ko ɗaya ba. Ta goge hannunta a zani, ta ɗora yatsa a kan layin, ta bi shi a hankali daga dama zuwa hagu.

"Duk wannan?" ta ce. "Har da Malam ɗin?"

Goggo ta buɗe baki za ta maimaita mini tambayar, sai ta fasa, don ta ga ba ita ake kallo ba. Ni Inna take kallo, ido cikin ido.

Na ce har da shi.

Ta sake duban layin, ta daɗe. Sannan ta rufe kundin da hannu biyu, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin, kaina a ƙasa. Ta yi shekara ashirin da wani abu bayan haka tana gaya wa baƙi cewa sunanta na jami'a, ni kuwa har ta rasu ban gaya mata ba.