Takardar da Na Kasa Karanta wa Inna

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani kuskure da na yi, ko wani ɗalibi zai tsinci abin amfani a ciki. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin sinadaran jiki. Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Gammo, cikin Kabo, kuma duk wanda ya san ni zai ce maka ba ni da magana. Idan aka taru ana hira, ni ne can gefe da littafi. Aikin bincikena a ɗakin gwaje-gwaje shi ne kiwon wasu ƙwayoyin halitta a cikin kwalba, mu ba su abinci, su kuma su samar mana da furotin, irin yadda manyan masana'antu ke haɗa wasu magungunan zamani. Na iya aikin ƙwarai. Ba kwalbar da zan ajiye ban rubuta mata rana da sa'a ba, har abokan karatuna suna tsokanata cewa ko ruwan alwala zan ɗiba sai na auna.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma mutanenmu sun san abin da wannan ke nufi. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan na je gaishe ta sai ta kawar da kai, ta amsa a taƙaice, in kuma tana da saƙo sai ta ba ƙanwata ko da ina zaune a wurin. Ban taɓa jin haushin haka ba. Na san kunya ce, ba rashin so ba, domin duk hutu sai na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a jakata ba tare da an ce ga wanda ya saka ba.

Da farkon damina, ana tsakar shuka, Inna ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Ƙanwata, wadda take aure a cikin garin Kabo, ta kai ta asibiti, aka yi mata sikanin, aka ba su hoto da takarda da Turanci a cikin babban ambulan. Aka ajiye aka ce sai mai karatu ya zo. Ranar Asabar da hantsi muka zauna a zaure, ni da Baba da Kawuna, yayan Inna, wanda ya taso a babur tun daga Kara. Na buɗe takardar. Babu kalma ɗaya da ta shige mini duhu. An rubuta cewa ƙullutun ya kai girman ƙwayar gyaɗa, siffarsa abin zargi ce, a gaggauta kai ta babban asibiti a birni a ɗebi ɗan nama daga wurin a gwada. Amma da na ɗaga kai na ga Baba da Kawu sun zuba mini ido, sai harshena ya yi nauyi. Ta yaya zan buɗe baki in ambaci nonon uwata a gaban mijinta da yayanta? Sai na ce wai ɗan ƙari ne aka gani a ƙirji. Kalmar gaggawa kuwa na haɗiye ta.

Kawu mutum ne mai kaifin baki. Ya ce in daina kewaye-kewaye, ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Na ce ana zargi. Nan take ya ce to magana ta ƙare, kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, da an sa masa allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu, kuma shi ba zai bari a yanka 'yar'uwarsa kamar ragon suna ba. Baba ya tambaye ni ko duk karatun nan da nake yi babu wani magani sai wuƙa.

Wannan tambayar ce ta kwance mini harshe, domin ta fitar da ni daga jikin Inna ta mayar da ni littafi. Na shiga ba su labarin sabon maganin da na fi kowa karantawa a ajinmu. Na ce Allah ya yi wa jikin mutum garkuwa, wato wasu ƙwayoyi masu sintiri kamar 'yan banga, suna kama duk baƙon da ya shigo. Daji wayo yake yi musu, ya nuna kansa a matsayin ɗan gida, su wuce shi. To yanzu masana sun ƙera wasu magunguna na furotin, ana ba da su ta ƙarin ruwa, suna tona masa asiri, garkuwar jikin mutum ta far masa da kanta. Na ce har irin kiwon da ake yi a samar da su nake koya. Ban taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba. Kawu ya yi dariya ya ce ashe ɗan nasu yana da baki, ya ce ga shi har likitocin Turai sun dawo kan maganar kakanninmu. Baba ya sa mini albarka. Aka yanke cewa in bincika yadda za a sami wannan magani, kafin nan Kawu zai kawo na shafawa daga wurin wani mai magani a Gwarzo.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma a nan haɗarin yake. Abin da na bari shi ne cewa ba kowane irin daji wannan magani ke yi wa aiki ba, ba a kuma sanin irin da mutum ke da shi sai an yi gwajin naman nan da Kawu ya hana, sannan sau da yawa tare da tiyata ake ba da shi, ba a madadinta ba. Na san duk wannan. Na bar shi ne domin in tashi daga zauren ba tare da na ji kunya ba.

Na koma makaranta na buɗe sabon littafin rubutu na musamman. Na tara bayanai, na ja layi, na jera sunayen magunguna. Aka yi noman farko, aka yi maimai, dawa ta fitar da kai, ni ina ta karatu ina gaya wa kaina aiki nake yi wa Inna. Ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta daina daka, kuma ba ta iya ɗaga tulu da hannun hagu. Ta ce Yaya, littafi ya cinye maka baki, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na ce mata ta yi haƙuri, ina kan bincike.

Wata rana da safe na zuba ƙwayoyin gwajina a ruwa garau, na rubuta sa'a. Kafin la'asar kwalbar ta yi duhu kamar kunun kanwa. Abin da nake gani ne kullum, amma ranar sai na tsaya riƙe da ita. Ni da nake auna yawaitar ƙwayoyi sa'a bayan sa'a, na bar na jikin uwata wata huɗu ban auna ba. Na buɗe hoton takardar Inna da na ɗauka a wayata na kai wa malamar da ke duba aikina. Ta karanta, ta nuna ranar da aka rubuta da ɗan yatsa, ta tambaye ni sakamakon gwajin naman. Da na ce ba a yi ba, na fara kawo maganar sabon magani, sai ta katse ni. Ta ce ko a ƙasashen da ake ƙera shi ba wanda za a ba sai an yi wannan gwajin, in ajiye kwalba in kama hanyar gida.

Washegari da azahar na isa. Ban tsaya a zaure ba. Na wuce har ƙofar ɗakin Inna, inda na same ta tana ɓarar sabuwar gyaɗa da hannu ɗaya, ƙanwata tana taya ta. Na gaishe ta, ta kawar da kai kamar kullum. Maimakon in tashi sai na zauna a tabarma. Na faɗa mata komai, na kira ciwon da sunansa, na kira inda yake da sunansa, na ce takarda ta ce a gaggauta ni ne na ɓoye. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Inna ta dubi ƙanwata ta ce ta gaya wa mai karatun nan ita ta sani tun ranar da ta ga fuskar matar da ta ɗauki hoton. Ta ce ita ba ta tsoron wuƙa, ta haihu bakwai, amma an zauna a zaure an gama maganar jikinta ba wanda ya leƙo ya tambaye ta.

Da Kawu ya zo ya yi faɗa sosai. Ya ce jiya na ce fari yau na ce baƙi, wane irin malami ne ni. Na ce masa Kawu, jiya rabin takarda na karanta, yau ga ta duka, kuma mai ciwon ta ce a kai ta. Ban ɗaga murya ba, ban kuma janye ba. Baba ya ce a nemi mota. Kawu ya yi fushi ya tafi, amma ranar tafiya shi ne ya fara zuwa, da ƙullin fura a bayan babur.

Sabon hoton ya nuna ƙwayar gyaɗar nan ta kai ƙwan zabo, har ta taɓa hamata. Likita ya ce da an zo da wuri wataƙila ƙullutun kaɗai za a cire, yanzu kam sai an cire nonon duka. Aka yi aikin, aka bi da ƙarin ruwan magani da gashi da na'ura. Gwajin nama kuma ya nuna cewa irin nata ba ya cikin waɗanda sabon maganin ke yi wa aiki. Wata huɗu muka jira abin da tun asali ba nata ba ne. Alhamdulillahi Inna tana raye, tana zuwa a duba ta lokaci-lokaci. Sai dai hannun hagun yana kumbura, ba ta ƙara riƙe taɓarya ba, kuma na san rabona a cikin wannan.

Har yanzu ina wannan fanni, kuma ina da yaƙinin cewa waɗannan magunguna za su ceci mutane da yawa, har a ƙauyukanmu. Amma ina jan kunnen 'yan'uwana ɗalibai da ake miƙa wa takardar asibiti a gida. Ku karanta ta duka, har kalmar da ta fi nauyi a baki. Kada ku ba mutane labarin maganin gobe su jingine na yau. Kunya ado ce a gaisuwa, amma ba ta da wurin zama tsakanin mara lafiya da takardarsa. Sannan ku fara shiga wurin mai ciwon kafin ku zauna da masu yanke shawara.

Har yau Inna ba ta kiran sunana, ba na kuma sa ran za ta kira. Amma duk ranar da aka dawo daga asibiti, ba ta yarda a kai ambulan ɗin zaure. Takan ajiye shi ƙarƙashin filo har in zo, ta miƙo mini da hannunta na dama, fuskarta na kallon bango, ta jira in karanta mata tun daga layin farko.