Yarinyar da Ba Ta Ba da Matsala

'Yar yayana, autar gidansu, tana da shekara goma sha biyar makarantarsu ta ba ta kyautar ɗaliba mafi ladabi. Har yau ban manta ranar ba.

A gida Auta ba shiru-shiru ba ce. In ta biyo shagon ɗinkina bayan an tashi, bakinta ba ya hutawa. Ta kwaikwayi tafiyar babanta, ta kushe mini ɗinki, wai wuyan rigar nan kamar da haƙori na yanka shi. Amma da zarar baƙo ya ɗaga labule sai ta yi tsit, ta koma bayan keke tana tsintar zare a ƙasa.

Siket ɗin makarantarta ne ya tona. A zango ɗaya na rage masa ƙugu, aka jima ta sake kawo shi. Ina gwada ta, ta juya mini baya, na ce, "Auta, ba kya cin abinci ne?"

"Ina ci, Gwaggo. A gida."

"A makaranta fa?"

"Kallon bakina ake yi in ina tauna."

Da yake ba fuskata take kallo ba, sai maganar ta ɓalle. Bencin ƙarshe take zama, jikin bango, kusa da inda ake jingine tsintsiya. In malami ya yi tambaya ta san amsar sarai, amma yana nuna ta sai tafin hannunta ya jiƙe, kunnenta ya ɗauki ƙara, maƙogwaro ya toshe. Ruwa ma ba ta sha tun safe, don kada fitsari ya kama ta har ta ɗaga hannu a gaban aji ta nemi izini. Haka take wuni, leɓe a bushe, kullum.

Na sami yayana da maganar. Ko ajiye wayarsa bai yi ba. "Ke dai kin cika neman magana," in ji shi. "Mutane na kuka 'ya'yansu sun gagare su, ni Allah ya ba ni mai hankali, kina so ki ɗora mata ciwo."

Sai na wuce wurin malamar ajinsu. Na same ta a ofis tsakanin tulin littattafai, tana duba aiki tana cin gyaɗa. Sai da na kwatanta mata inda yarinyar ke zama kafin ta gane ta. Ta washe baki. "Wannan? Ai da duk irinta ne da hawan jini bai kama ni ba. Ba ta taɓa ba ni matsala ba." Na ce ai matsalar ke nan. Ta dube ni kamar na zo da yaren aljanu.

Ashe tuna mata na yi. Da aka nemi kowane aji ya ba da sunan wanda za a karrama, Auta ta miƙa.

Ranar bikin zauren taro ya cika da iyaye da ɗalibai, fanka na kaɗa zafi. Shugaban makaranta ya kira ta. Ta taso tana tafiya kamar mai taka ƙwai. Ya miƙa mata allon yabo, ya kuma kara mata makirufo a baki. "Faɗa wa 'yan'uwanki sirrin, su koya."

Ba abin da ya fito daga lasifika sai numfashinta, sama-sama, duk zauren na ji. Wasu yara suka fara ƙunshe dariya. Sai shugaban ya juyo gare mu yana murmushi. "Kun gani? Ko a nan ba ta iya ɗaga ido. Wannan ita ce tarbiyya!" Aka ɓarke da tafi. Yayana har miƙewa ya yi. Manya da furfurarsu, yarinya na nutsewa a gabansu suna mata tafi. Tir.

A bayan zauren na same ta, durƙushe a bakin famfo tana amai, allon yashe a cikin caɓi.

Daga nan ta fara ciwon ciki duk safiya. Babanta ya riƙa kai ta har ƙofar makaranta, yana juya baya ta zagayo shagona. Da ya gano ya yi faɗa, ya yi lallashi, ƙarshe ya gaji. Ga jarrabawar fita ta matso, kuma in ba ta zauna ba duk shekarun nan sun tafi a banza. Ita da kanta ta ce za ta iya rubutawa in ba a cikin taro ba ne. Don haka bayan makonni na koma wurin malamar, in roƙi a ba ta ɗan lungu ita kaɗai.

"Mai ladabinmu? Ai tana aji," in ji ta.

"Malama, rabonta da nan tun ranar kyauta."

"Haba dai. Kullum sai na kira suna, kuma ana amsawa."

Muka je ajin tare. A gurbin Auta jakunkuna ne a jibge. Wata mai gilashi da ke zama kusa da ita ta miƙe a tsorace, ta ce tun ajin farko ita ke amsa mata, don Auta ba ta iya amsawa, kuma da Auta ta daina zuwa ba ta so a kore ta, sai ta ci gaba. Ita malama ba ta ɗaga kai in tana kiran suna.

Zancen lungu kuwa, ta ce babu wannan tsarin, ba a ware kowa. Aka yi jarrabawa aka gama ba da Auta ba.

Malamar ta rako ni har bakin ƙofa ranar, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ɗauka jikin yarinyar za ta tambaya. Ta kama hannuna, ta sassauta murya.

"Don Allah, 'yar'uwa, kada maganar kiran sunan nan ta kai kunnen shugaba."