Darbejiyar da Yaya Idi Ya Dasa a Kurayyat

Yau shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana Idi a nan Jidda. Na san maƙabartar da muka kai shi, amma ban san kabarinsa ba, domin a nan ba a sa alama. Abin da ya bar mini wanda zan iya dafawa da hannu darbejiya ce guda ɗaya a tsakar gidanmu na haya a unguwar Kurayyat. Wata uku da suka wuce na sa aka sare ta.

Tare muka zo aikin Hajji muna samari, muka ƙi komawa. Aikin farko da muka samu ɗaukar siminti ne a wajen wasu 'yan Koriya masu gini kusa da tashar jiragen ruwa. Shugabanmu wani ramammen dattijo ne, muna ce masa Baba Koriya saboda sunansa ya fi ƙarfin harshenmu. Wata rana cikin Afrilu muka iske su suna dasa 'yan tsirrai a bakin sansaninsu, a ƙasar da ko ƙaya ba ta son fitowa. Ni dariya na yi. Idi kuwa tsugunawa ya yi ya tambaya.

Da guntun Larabci da nuni da hannu dattijon ya ba shi labari. Ya ce yana yaro duwatsun ƙasarsu ƙwal suke kamar kan da aka aske, yaƙi da saran itacen girki sun cinye dazukan. Ruwan sama kan kwaso laka ya binne gonaki. Sai ƙasar ta ware rana guda a shekara, ɗalibai da sojoji da ma'aikata kowa ya hau dutse da ɗan tsiro a hannu, har duwatsun suka koma kore. Ya ce ko a baƙon wuri ba sa bari ranar ta wuce su. Sannan ya ƙara da wata tsohuwar al'adarsu: in an haifi 'ya mace, uba kan dasa itace da sunanta, ranar da za ta yi aure a sare shi a yi mata akwatin kaya.

Wannan ta ƙarshen ce ta zauna wa Idi a rai. Bayan ya yi aure ya haihu, ran sunan 'yarsa Hauwa, mutane na ta rarraba nama, shi yana haƙa rami. Na ce masa wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, wanda ko gobe ana iya kwashe shi a mayar da shi gida, me ya haɗa shi da shuka? Ya ce ai itacen ba nasa ba ne, na Hauwa ne. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ba ya bari ko ɗigo ya tafi banza. Kowa ka gani a inuwa ya sha rana, in ji mutane. Ni dai na zauna a inuwa, amma Idi ne ya sha ranar.

Hauwa na da shekara takwas ciwo ya kwantar da shi. Ya kira ni ya ce, “Ƙane, in ta tashi aure ka sare. Kada ka ji tausayin itace.” Na amsa da sauri, don a lokacin abin da nisa. Bayan shekara biyu uwarta ta bi shi, ni kuma aure bai zauna mini ba. Muka rage mu uku a gidan: ni da yarinyar da darbejiya.

Da aka sa ranar aurenta da wani yaron kirki mai aiki a Madina, sai na fara kwana-kwana. Yau kafinta ba ya nan, gobe zafi ya yi yawa. Gaskiyar ita ce a gindin itacen nan nake gaisawa da yayana kullum bayan la'asar, in ba shi labarin wanda ya mutu da wanda aka kwashe. Hauwa ta gane ni. Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, “Halas ya Ammi, bar shi. Akwai akwati a kasuwa. Kai za ka zauna fen?” Wato shi ke nan, Baffa; ni kuma a ina zan zauna.

Na yi ta tunanin me Idi zai ce da ya ga Jidda ta yau, da tituna masu shuke-shuke, da Kurayyat da ta cika har ba masaka tsinke. Ina jin zai yi murna da itatuwan. Amma da ya gan ni ina fakewa da 'yarsa don in riƙe inuwarta, kallo ɗaya zai yi mini in sunkuyar da kai. Alƙawari kaya ne, kuma na daɗe da ɗauka.

Kafinta ya zo da safe, kafin azahar an gama saran. Akwatin ya fito ja-ja, mai nauyi, da ɗan ƙamshi mai ɗaci wanda ƙwari ba sa so. Ranar tafiya Hauwa ta kifa kanta a kan murfinsa ta yi kuka, ta ce ƙamshin tsakar gidanmu ne.

Ban san ko Baba Koriya na raye ba, bai kuma san maganarsa ta zama akwati a Madina ba. Idi bai bar gida ba, bai bar gona ba, bai bar ko takarda mai sunansa ba. Ya bar wa 'yarsa abin da ya shekara takwas yana shayarwa da ruwan alwalarsa, ni kuma na ƙarasa. Allah Ya jiƙansa.

Tsakar gidan yanzu rana ce fetal. Har yau in na gama alwala ina ɗaukar kwanon in nufi kututturen. Sai na isa nake tunawa, in zuba masa ruwan duk da haka.