Baba Joji Ya Ɗage Zama

Duk wanda ya san kakana Baba Joji ya san sandar nan tasa. Ko tambayarsa aka yi tuwo zai ci ko fura, sai ya buga ta a ƙasa ya ce, "An ɗage zama."

Shi fa bai taɓa alƙalanci ba. Yana saurayi ya yi wa wani Bature aiki a Kaduna, shi ke kakkaɓe masa hular gashin nan ta shari'a. Amma tarihin Baturen a bakinsa tamkar Fatiha: ya fara da lauya a Ikko, ya zama majistare, ya hau joji, kuma wai bai taɓa yanke hukunci bai ji ɓangare biyu ba. Ɗabi'ar da Baba ya kwaso ya kawo mana ƙauyenmu Tabanni ke nan, muka shiga uku.

Ranar da akuya ta cinye wa matarsa Inna shanyar masara, cewa ya yi sai ya ji ta bakin akuyar.

Dariya muke yi, har 'yan bindiga suka fara kwashe mutane a gonakin bakin daji. Maƙwabta na ɗaure kaya, Baba na zaune daram. Wai an ji ta bakinmu, saura ta bakin 'yan bindigar! Ni kuwa ko ƙarar babur na ji sai in ruga ɗaki. Motar da ke kwashe masu gudu ta zo ta koma babu mu. Da ta sake zuwa, direba ya rantse ba zai ƙara biyo hanyar ba.

Haushi ya sa na ce, "Baba, gidan nan na wane ne?"

"Nawa."

"To, Baturen naka yana zama kan shari'ar da yake da hannu a ciki?"

 Sai ya miƙa wa Inna sandar. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta buga ta a ƙasa ta ce, "A hau mota."

Har muka shiga Birnin Gwari yana ƙunƙuni wai zai ɗaukaka ƙara. Kullum kuma sai ya tambaye ni ko hanya ta yi kyau, yana son ya ga gonarsa. Ni kuma in ce masa an ɗage zama, sai wani mako.

Bai koma ba. A nan ya rasu, sandar na jingine a bakin ƙofa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya dace a gaban Alƙalin da ba Ya zalunci, mu kuma Ya mai da mu gida lafiya.